Man Furen Tsintsiya

Ban shiga aji ba, da hanci na rayu. Tun ina yarinya a Hadeja kakata ta koya mini haɗa humra: a jiƙa farce, wato ɓawon wani dodon koɗin teku, a kankare, a soya a kasko har ƙarninsa ya fita, sannan a daka a turmi a zuba madarar turare. Ba ma'auni. Hanci ne ke cewa ya isa.

'Yata nas ce a Riyadh, ita ta ɗauko ni muka zauna a unguwar Nasim. A nan korona ta kwantar da ni a asibiti. Na tashi lafiya, amma ko albasa ban ƙara jin warinta ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Da cikinta ya tsufa ta ce, "Inna, ni fa humrar jegona ke za ki haɗa."

Mijinta ya kai mu wajen wani mai turare a unguwar Malaz. Mutumin ya fito da 'yar kwalba, man ciki kauri kamar maɗi. Surukina na fassara mini: wai man furen wani ƙaramin itace ne rawaya a ƙetaren teku, tun kaka da kakanni ake yanko rassansa a yi tsintsiya, furen kuma a tatsa. Ƙamshinsa zuma da busasshiyar ciyawa.

"To, Inna, abin shara ya zama na ado," in ji 'yata tana dariya. "Shinshina ki ji."

Na kai hanci. Kamar na shinshina ruwan randa. Na ce, "Ba laifi."

Na yi aikin da ido da hannu. Na soya farce har launinsa ya yi mini daidai, na ɗiga man furen, na rufe kwalba don haɗin ya tsumu.

Ran suna ta buɗe a gaban mata. Ni mai kallon fuska ce. Na ga hancin wata likita ya motsa, wata ta ja mayafi ta rufe hanci. Ƙarnin bai fita ba ke nan.

'Yata ta shafa a wuya har da bayan kunne, ta ce, "Masha Allah, hannun Inna daban ne."

Da mata suka watse na ce, "Ke, zo nan. Ban haife ki don ki yi mini kara ba. Ƙarnin kifi kike yi ko?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun yaushe, Inna?"

"Tun asibiti."

Turmin da kaskon suna nan ƙarƙashin gado. Ban sake haɗawa ba.