Sunan Mahaifina Ne Ya Zaunar Da Ni A Benci

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru da ni, saurayi ne ni, ɗan fari a gidanmu da ke Birchi, kuma ban san komai a duniya ba sai ƙwallo. Mu irin Fulanin nan ne da Fulatancin ya tafi ya bar mana shanu kaɗan da kunya mai yawa. A Kurfi na fara buga tsakiya ba takalmi, daga nan wata ƙungiya a Dutsin-Ma ta ɗauke ni, ina bin motocin kasuwa ina zuwa tirenin. A wata gasa da aka yi can ne wani koci ya gan ni, ya ce ƙafata tana da ido. Haka na tsinci kaina a babbar ƙungiya a wata jiha, da kwantiragin gwaji na rabin kaka: in na taɓuka abin kirki a tsawaita, in ban taɓuka ba in kama hanyar gida.

Tun ranar farko koci ya gaya mini cewa ɗan wasan tsakiya da baki yake wasa kafin ƙafa. Shi ke ganin fili gaba da baya, shi zai kwarara wa abokinsa kira ya juya, ko ya saki ƙwallo, ko ya san akwai mutum a bayansa. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Sai aka haɗa ni da wanda za mu riƙe tsakiya tare, shi lamba shida ni takwas, ya miƙo mini hannu ya faɗi sunansa. Sunan mahaifina ne, ba ragi ba ƙari. Ni kuwa tun da na iya magana ban taɓa furta sunan nan ba. A gidanmu ko jariri aka sa wa shi sai an yi masa laƙabi, Inna ma in zance ya zo kusa da shi kewayewa take yi.

Na fara neman dabara. Na kira shi Abba, ashe akwai Abba har biyu a ƙungiyar, duk suka waiwayo, shi kuwa ko gezau. Na koma Baba, sai ga shi haka ake kiran tsohon golanmu. Na gwada mai sunan Baba, amma kafin in kai ƙarshensa an riga an ƙwace ƙwallon an yi gaba. Da na kira shi da lambar rigarsa, sai ya tare ni bayan tirenin ya tambaye ni ko fursuna na ɗauke shi. Na lallaɓa na ce ko yana da laƙabi. Ya ce shi ba ya amsa kowane laƙabi, sunan da aka yanka masa rago da shi ya ishe shi. Ɗan birni ne, a gidansu wannan ba komai ba ne, kuma mutum ne mai taurin kai kamar kututture. Ni ma dai, maimakon in ce masa ga dalili, sai na yi murmushi na sunkuyar da kai. Na koma tafa hannu da ce masa kai! kai! kamar mai korar kaji, shi kuma ya ƙulla a ransa cewa yaron ƙauye ya raina shi.

Ranar da abin ya fashe, wasa ne a gidanmu, fili ya cika, muna kunnen doki ana dab da tashi. Mai tsaron baya ya turo wa lamba shida ƙwallo, shi kuma lamba shidan ya juya wa fili baya yana jiran ta. Ni kaɗai na ga ɗan wasansu ya taho a guje ta bayansa. Wallahi sunan ya zo har kan harshena, na ji shi, sai ya maƙale. Abin da ya fito shi ne Abba. Abban da ke tsaron gefen hagu ya tsaya cak ya waiwayo ni, ya bar mutumin da yake gadi. Aka ƙwace ƙwallo, aka tura ta daidai wurin da ya bari, sai ga ta a raga. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Washegari koci ya kira ni. Ya ce ya ga bakina ya buɗe, yana son ya san me ya sa na kira wanda ba shi da ƙwallo na bar mai ita. Nan ma dama ce Allah ya ba ni, amma ta yaya zan yi bayani ba tare da na taɓo sunan ba? Na zuba wa ƙasa ido, yadda aka koya mini in babba na faɗa. Shi kuwa bai ga ladabi ba, taurin kai ya gani. Ya ce ba zai damƙa tsakiyar filinsa ga bebe ba. Daga ranar benci ya zama wurina, kuma da rabin kakar ya ƙare aka sallame ni.

Na sauka a Dutsin-Ma da jakata, na hau motar Kurfi, kafin in isa gida labari ya riga ni. Wasu suka ce jifa aka yi mini, wasu suka ce shaye-shaye na fara. Baffa, ƙanen mahaifina, shi na iya gaya wa gaskiya, shi kuma ya kai ta kunnen mahaifina. Na yi zaton tsohon zai sa mini albarka. Ina! Ya kira ni bakin garke yana huci, ya tambaye ni, in sa ya tsinke a kara, kasuwar shanu, ya yi kan wani dillali mai sunan kakana, shi zai tsaya neman laƙabi ne har a soke mutum? Ya ce sunan ba shi ya ƙirƙiro shi ba, kuma bai taɓa aiko ni in tsare masa shi a filin ƙwallo ba. Sannan ya ce to ga shi a gabana, ya yafe, in faɗi sunan ya ji. Na buɗe baki, na rufe. Ya yi tsaki ya shige cikin shanunsa.

Yanzu na koma tsohuwar ƙungiyata ta Dutsin-Ma, ina jiran ko Allah zai sake kawo wani gwajin. Ban ce kunya laifi ba ce, kuma ba na kira ga kowa ya raina iyayensa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, magana ɗaya da na yi wa koci ko abokin wasana tun makon farko, da an samo mafita an wuce wurin. Ku matasa masu fita daga ƙauyukanmu neman sana'a, ku sani mutanen can ba su san abin da shirunku yake nufi ba, fassarar da ta zo musu za su yi masa. In al'ada ta ɗaure muku harshe, ku faɗa tun da wuri, kada ku zo kuna ihu bayan hari irina. Ga ni nan, sunan ya raba ni da aikina, mai sunan da kansa ya ba ni izini, amma ko a wannan wasiƙar na kasa rubuta muku shi.