Bas ɗin Kawu Sani

Jama'a, motar da aka ce ta mutu tana yawo da sunana!

Yau na shigo kotu duba mukhalafa ɗaya, wato laifin tuƙi, tarar gudu kawai. Ma'aikacin ya karɓi katina, ya kalli kwamfuta, ya kalle ni. Ya ce, "Kamara ta ɗauki farar bas ɗinka a hanyar Arfa, cike da alhazai marasa izini."

Na ce ni ba ni da bas!

Sai na tuna. Kawu Sani ba shi da iƙama, wato katin izinin zama a nan ƙasa mai tsarki, don haka da sunana ya sayi bas ɗin. Da aka mayar da shi Kano, ce mana aka yi an sayar wa 'yan gwangwan.

Na kira shi. Na tambaye shi ina bas ɗin. Sai ya ce, "Habibu, kana ina? Ko me za a yi, kada ka je kotu."

Har yanzu ma'aikacin bai miƙo min katina ba.