Ɗakin Ya Bushe, Baba Attahiru

Ran Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni na 2025, kwana biyar bayan Babbar Salla, ina zaune bakin kasuwar Bafarawa ina yi wa wata taya faci, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya faɗa mani Allah ya yi wa Malam Attahiru na Unguwar Lalle rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Na aje tayar nan, ban sake taɓa ta ba har anka kira magariba.

Baba, ta wurin tayoyin babur ɗinka na san ka. Ni mai faci ne, kai kuma tsohon ma'aikacin sashen jin daɗin jama'a wanda ya yi ritaya amma ya ƙi zama gida. Kusan duk ran kasuwa sai ka turo babur ɗin nan naka ja zuwa rumfata. Daga irin ƙayar da nake cirowa nakan gane hanyar da ka biyo. In na ce yau ta Turba ka ɓullo, sai ka yi dariya ka ce a ba ni aikin ɗan sanda, faci ɓata basira ne. Ba ka taɓa tafiya ba tare da ka tambayi lafiyar tsohuwata ba, kuma sau biyu ka kawo mata maganin ido daga Isa.

Lokacin da mutanen ƙauyuka sunka fara gudowa saboda 'yan bindiga, ba su duba iyakar ƙaramar hukuma ba. Wanda gidansa ke ƙasar Sabon Birni ya faɗo ƙasar Isa, na Isa ya faɗa Sabon Birni, wasu sunka ƙetara Nijar. Abin taimako kuwa yakan zo da sunan mutanen wuri, baƙo bai san ƙofar da za shi ƙwanƙwasa ba. Kai mahaifinka na Sabon Birni ne, mahaifiyarka 'yar Isa, kakan ce duk ɓangaren da anka yi kuka, gidanku ne. Wata huɗu ka yi kana kai da kawowa tsakanin sakatariyoyin biyu da gidajen hakimai, har can ƙetare ka je wurin magajin garin wata ƙaramar hukuma ta Nijar ka karɓo sunayen mutanenmu da ke zaune hannunsu. A ƙarshe anka zauna anka amince: duk inda mutum ya sauka, nan za a nema mashi rufin kwana. Ɓangare ɗaya ya ba da kwano da katako, ɗayan ya ba da magina. Mai gidan da ke da fili a gina mashi ɗaki, ya sauki iyali guda shekara ɗaya, bayan nan ɗakin ya zama nashi.

Ni na ɗaga hannu da kaina, ba wanda ya tilasta mani. Anka gina ɗakin a kusurwar gidanmu, kusa da bishiyar darbejiya, cikin watan Janairu. Ka ce mani wanda za a kawo shi ne Ibrahima, Bafillacen da anka kwashe wa shanu can wajen Unguwar Lalle, da matarsa Zulaihatu, da 'ya'yansu uku, da mahaifiyarsa Inna Tani. Suna kwana a wata rumfar 'yan tumatir cikin kasuwa. Ran kasuwa su naɗe tabarminsu tun da sassafe su koma gindin tsamiya har a watse. Daga rumfata ina ganin su. Ka ce da zarar ginin ya bushe a kai su.

Sai anka ƙone rumbunan wasu maƙwabtanmu a bayan gari. Na ji tsoro, na kwaso geronmu dami talatin da biyu na jibge cikin sabon ɗakin, na sa kwaɗo. Na ce wa kaina na sati biyu ne. Bayan nan kuma magana ta fara yawo a majalisa, wai wanda duk ya sauki Bafillace kada ya yi mamaki in an san abin da ke cikin gidansa. Ban taɓa ganin wani abin zargi ga Ibrahima ba. Mutum ne da ke yi wa mahauta ɗaukar ruwa don ya samu abin sayen dawon fura. Amma na saurari maganar, don ta yi daidai da abin da raina ke so.

Ran kasuwa ka zo, ka zauna kan bencina, ka ce, "Hafizu, ɗakin ya bushe?"

Na ce, "Baba, da saura. Ƙasan da sanyi."

Haka munka yi cikin azumi. Haka munka yi bayan ƙaramar salla, lokacin da zafi ke fasa ƙasa, tulu ma ba ya kwana da ruwa. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Rana guda ka biyo ta gida gaida tsohuwata. Na ga idonka ya sauka kan kajin da sunka taru bakin ƙofar ɗakin suna tsattsagar tsabar da ta zubo ta ƙarƙashi. Ka daɗe kana kallon su. Sannan ka ce kajin gidan nan sun fi mai gidan ƙiba, ka sha ruwa, ka tafi. Na san ka gane. Kai ma ka san na san ka gane. Duk da haka ran kasuwar da ta biyo ka sake yi mani tambayar, da murya ɗaya, kamar mai jiran labari mai daɗi.

Kwana huɗu kafin Babbar Salla ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da la'asar. Iska ta yaye zanar rumfar 'yan tumatir inda su Ibrahima ke kwana. Kai kana hanya daga Isa da tamfol ɗaure bayan babur, don ka ga hadari tun da rana ka san inda za shi same su. Cikin ruwan ka iso, kai da Ibrahima kunka ɗaura shi, kana da shekara sittin da bakwai. Ni ina cikin shagon mai shayi na fake, ina kallo, makullin ɗakin na cikin aljihuna. Washegari zazzaɓi ya kama ka, ya sauka ƙirji.

Na sani ajali ba ya gaba ba ya baya, malamai sun faɗa mani, na kuma yarda. Ban ce ni na kashe ka ba. Amma da na buɗe ƙofar nan, da ba ka da dalilin ɗauko tamfol. Wannan ba wanda za shi iya cire mani shi.

Wurin zaman makoki na ga abin da ban taɓa gani ba: ma'aikatan ƙananan hukumomin biyu kan tabarma ɗaya, da mutum biyu daga Nijar, da mata da yawa waɗanda yanzu ke kwana ƙarƙashin kwano saboda kai. Malam Abbas, wanda ke riƙe da aikin a ɓangaren Isa, ya ja ni gefe. Ya ce a zamansu na ƙarshe an kawo shawarar a kwance kwanon duk wanda ya karɓa bai sauki kowa ba, a kira sunansa gaban hakimi. Mu uku ne. Ya ce ka miƙe ka ce, "Ku bar mani Hafizu. Yaron kirki ne, tsoro ne ya kama shi. Ɗakinai za shi bushe."



Ran addu'ar uku, da na dawo, na kwashe geron. Rabi na kai ɗakin tsohuwata, rabi na jera a nawa, yanzu a takure nake kwana tsakanin damma. Na share, na je kasuwa da kaina na ɗauko tabarmin Inna Tani a ka, ta gaban majalisar nan, kowa na kallo. Na faɗa wa Ibrahima gaskiyar abin da ya tsare ɗakin. Ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya ce shi dai ya gode, Allah ya ji ƙan Malam. Inna Tani tana tari har yanzu, gobe za ni kai ta asibiti. Sauran mutum biyun kuma na je na same su, ɗaya ya buɗe nashi jiya.

Baba, ga amsar da na hana ka wata huɗu. Ɗakin ya bushe. Tun kafin azumi ya bushe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Maimunat, da Hussaini da Khairat da sauran 'ya'yanka, da mutanen Sabon Birni da na Isa baki ɗaya. Ina kuma roƙon iyalinka su yafe mani, tunda kai ban samu na roƙe ka ba. Ya Allah, bawanka Attahiru ya rufa mani asiri a gaban mutane, Ka rufa mashi nashi ranar tsayuwa. Ya nema wa bayinka wurin kwana, Ka yalwata mashi kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka saukar da shi gidan Aljanna ba tare da jira ba. Amin.

Hafizullahi mai faci, Bafarawa