Takalman Bakin Ƙofa

A shekarar da aka rufe makarantu saboda garin ya ɗauki zafi ana fargabar rikici, tsakar gidanmu na Rafin Guza ta koma aji. Ina da shekara tara a lokacin, ƙanwata Safiya tana da biyar. Ummanmu malamar firamare ce, kuma irin matan nan ne da ba sa iya ganin yaro zaune hannu rabbana. Ta ce ko gari zai kife, 'ya'yanta ba za su manta baƙi ba.

Ba mu da kayan karatu na a zo a gani. Umma ta samo wani falankin katako a bayan ɗaki, ta fasa tsofaffin baturan rediyo, ta kwaɓa baƙin cikinsu da ruwa ta shafe shi, ya zama allo. Da alli ya ƙare muka koma rubutu da gawayi a jikin katanga. Ta yayyanka kwalin sukari ta zana haruffa, ta zuba yashi a tsohon tire don Safiya ta riƙa jan layi da yatsa. Lissafi kuwa da murafun kwalba muke yi, cike da gwangwanin madara, sai ƙwallayen dabino da kakarmu ke tara mana.

Kakar tamu mahaifiyar Baba ce, Iya muke ce mata. Bakatsiniya ce, siririya, mai kaifin harshe. Tana zaune gefe tana tsince wake tana yi wa ajinmu dariya, wai ba ta taɓa ganin makarantar da shugabarta ke tashi tsakiyar darasi ta je ta duba miya ba. Baba ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake zaune. In ta matsu sai ta ce "ubanku", ko "wancan".

Wata safiya aka aiko wa Baba daga wajen aiki, wai babban bututun ruwa ya fashe a ƙetaren gada, shi da abokan aikinsa za su je su gyara. Umma ba ta so ba, amma ya ce yanzu zai dawo. A ranar ne kuma Safiya ta fara kai biyar ba tare da ta tsallake huɗu ba. Murna ta hana ta zama. Ta ƙirga murafu, ta ƙirga kaji, sai ta juyo kanmu da ɗan yatsanta. Ni ce ɗaya, ita biyu, Umma uku, Iya huɗu. Baba yana sunkuye yana ɗaura igiyar baƙin takalminsa na aiki, ta ɗora masa yatsa a ka.

"Biyar!"

Ban san sanda Iya ta tashi ba. Sai dai na ji ƙarar da ta buge mata hannu.

"Ke! Wa ya ce maki ana ƙirga mutane? So kike a rage?"

Baba ya yi dariya, ya shafa kan Safiya, ya fita. Kafin azahar muka fara hango hayaƙi ta wajen cikin gari. Kafin la'asar rediyo ya ce kowa ya shige gida, ba fita ba shiga. Aka yi magariba, aka yi lisha, Baba bai dawo ba. Wayar hannu ba ta kai irin gidanmu ba a lokacin, babu wanda za a tambaya.

Tsoron da na ji a kwanakin nan ban sake jin irinsa ba. Ana jin harbi daga nesa, wani lokaci kusa. Motar sojoji in ta wuce, kwanon rufinmu har rawa yake. Umma ta ci gaba da ajinta don kada mu zauna muna kallon ƙofa, amma sai ta rubuta harafi ɗaya ta tsaya da gawayi a hannu har sai na taɓa ta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Safiya. Ta dunƙule yatsan nan cikin hannunta ta ƙi buɗewa, ko barci take. Aka zuba mata murafu ta kau da kai. Aka ce ta ce ɗaya, ta ƙi. Tuwo ma sai an yi da gaske take cin loma biyu. Ni kaina na yarda yatsan ne ya jawo, in hannunta ya motsa sai in ga na matsa gefe.

Kananzir ya ƙare, wuta kuma tun ranar farko aka ɗauke, don haka a murhu ake girki. Bayan magariba mukan kewaye garwashin da ya rage, a nan Iya ta saba yi mana tatsuniya. Tun da Baba ya fita ba ta yi ba. Sai wani maraice ta daɗe tana kallon dunƙulallen hannun Safiya, ta tura itace cikin wuta, ta gyara murya.

"Ga ta nan tahe, ku matsa mata."

Ni kaɗai na amsa, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce a wani gari na bakin gulbi akwai wani abu da ake kira Maƙirgi. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, sai yatsansa, dogo kamar muciya. In rana ta faɗi yakan tsaya bayan danga ya zuro yatsan yana ƙirga kawunan yara, wanda ƙirgar ta ƙare a kansa sai ya jefa shi a buhu. Mutanen garin saboda tsoronsa suka haramta ƙirga baki ɗaya. Ba a ƙirga kaji, ba a ƙirga dami. To gidajen kuma cike suke da yara, sai ya zamana in an ɗauke ɗaya ba a ma lura da wuri. Sai dai uwa ta ga tuwo ya yi saura, ta ce yau yaran ba su ji yunwa ba.

Iya ta ɗaga wani karan dawa ta zuro shi a hankali ta saman kaina. Inuwarsa ta hau katanga, ta bi ta kan haruffan da muka rubuta. Na ƙanƙame Umma. A daidai lokacin aka yi harbi can wajen babban titi, duk muka zabura, har ita mai ba da labarin.

Ta ci gaba. Ta ce a gidan wani masunci akwai wata yarinya Lami, aikinta wanke ludayi. Kowane yaro da ludayinsa, in ya sha kunu sai ya jefa a ƙwarya. Lami ba ta jin magana, a ɓoye take ƙirga ludayan tana wankewa. Ran nan ta ƙirga ta ga ɗaya bai shigo ƙwarya ba. Ta duba ta same shi a rataye, busasshe, ba wanda ya sha da shi. Na ƙanenta ne. Ta ɗauke shi ta kife ƙwarya tana bugawa, ta bi bakin gulbi tana ihu: namu bai cika ba, saura ɗaya, mun sani! Ashe Maƙirgi ba ya iya riƙe wanda ake cigiya. Duk bugu ɗaya sai buhun ya ƙara masa nauyi, har ya kasa ɗagawa, ya yar da shi ya faɗa ruwa. Aka kwance buhu, yaro ya fito yana tambayar ina kununsa.

"Ta ƙare nan," in ji Iya, "ɓera ya ja sauran ya kai rami."

Can sai muka ji muryar Safiya, ƙasa ƙasa, karon farko a ranar.

"Iya, ni ce Maƙirgi?"

Umma ta rufe baki da gefen mayafi. Iya kuwa ta jawo ta, ta ɗora ta a cinya, ta shiga buɗe yatsun nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ji min ɗiya da shirme. Da wannan ɗan yatsan naki kamar tsinken ashana? Shi yana ƙirga don ya ɗauka. Ke Lami ce, ki ƙirga don ki san wa bai dawo ba. Amma ki bar kawunan mutane. Tashi ki ƙirga mani takalman bakin ƙohwa."

Safiya ta sauka, ta je bakin ƙofar falo inda muke tuɓe takalma. Ta tsuguna a hasken garwashi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta tsaya a gurbin da ke kusa da buta, inda Baba ke ajiye nasa.

"Saura ɗaya."

"To faɗi da ƙarhi, ya ji mun sani."

Ta faɗa da ƙarfi, har karen maƙwabta ya amsa. A daren ta cinye tuwonta.

Daga nan ya zama aikinta, safe da yamma. Ta koma kan murafunta, har ta wuce goma. Sau ɗaya ta yi wayo, ta shiga ɗaki ta ɗauko takalmin Sallah na Baba ta ajiye a gurbin, ta zo tana murna wai ya cika. Iya ta ce ta mayar maza, a bar wurin yadda yake, in aka rufe gurbi an daina cigiya ke nan. Ni dai ban daina jin tsoro ba. Na riga na yi wayon da zan gane cewa matan da ke leƙowa ta katanga suna yi wa Umma magana ƙasa ƙasa ba labarin daɗi suke kawowa ba.

Ranar da aka sassauta dokar na 'yan awoyi, Umma ta aike mu bayan gida mu ɗebo sabon yashi, na tiren ya cika da kashin kaji. Muka daɗe muna wasa. Da muka dawo Safiya ta nufi bakin ƙofa kamar kullum. Namu na ƙafarmu, ta ƙirga su, ta ƙirga na Umma da na Iya. Sai ta ƙame.

A gurbin Baba akwai wasu manyan takalman roba masu tsawo, irin na shiga ruwa, duk taɓo. Ba mu taɓa ganinsu ba. Daga cikin ɗaki kuma kukan Umma ne ke fitowa.

Tiren ya suɓuce daga hannuna. Safiya ta ɗauka Maƙirgi ne ya shigo da kansa. Ni abin da na ɗauka ya fi wannan muni, don na san in baƙon namiji ya shiga har ɗaki mace kuma tana kuka, rasuwa ya zo faɗa. Na waiwaya neman Iya, na gan ta a bakin murhu ta ba ɗakin baya, tana ta hura wutar da ke ci bal bal.

"Nawa kika samu?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

Safiya ta ce, "Biyar. Amma ɗayan ba namu ba ne."

"To shiga ki ga mai shi."

Hannuna ta kama muka ɗaga labule tare. Wani mutum na zaune a bakin gado cikin riga shat da wando da suka yi masa yawa, ba hula, gemu ya fito masa. Sai da ya ce "Ina mai ƙirgata?" sannan muka gane shi. Ashe wajen gudu ya zubar da takalmansa. Wani abokin aikinsa, Yohanna, shi ya ja shi gidansa a ƙetaren gada ya ɓoye shi a ɗakin ajiya, ya ba shi kayansa ya sa, da hanya ta buɗe ya rako shi har bakin gada.

Da Baba ya fito ya durƙusa gaban Iya, abin da ta ce kawai shi ne, "An dawo?" Ya ce an dawo. Ta ce madalla, ta ci gaba da juya miya. Amma da yamma na gan ta ta ɗauki takalman robar nan ta kai bakin rariya, ta wanke su da sabulu ciki da waje. Umma ta zo karɓa ta hana ta. Ta jingine su a katanga suka bushe, ta cika ɗaya da goro, ɗayan da dabino, ta ce a mayar wa mai su haka.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Lami tsohuwa ce, irin wadda Iya ta gada. Sai da na girma na tambayi 'yan'uwanta a Katsina, ba wanda ya taɓa jin ta. A bakin murhun nan ta ƙirƙire ta. Tsohuwar da ta yi imani har zuciyarta cewa ba a ƙirga mutane, ta ga abin da maganarta ta yi wa jikarta, ta zauna ta nemo mata hanya ba tare da ta ƙaryata kanta ba. Na kuma tuna cewa tun kafin wannan rana, kullum da magariba in za ta yi alwala, takan ɗan tsaya a bakin ƙofar nan tana kallon ƙasa, leɓenta na motsi. Mu mun ɗauka tasbihi take. Ba ta iya kiran sunan ɗanta, ba ta iya tambaya ko ya shigo, sai ta duba takalmi.

Yanzu ina zaune a Mando da 'ya'yana biyu. Bana na cire su daga makaranta na wani zango, saboda tana bakin daji kuma zancen masu satar mutane ya hana ni barci. Na sayi farin allo da alƙalumansa, da katunan haruffa masu hotuna, na cika waya da waƙoƙin ƙirga. Duk suna da amfani, amma ƙaramar ba ta gane huɗu da biyar ba sai da na zuba mata murafun kwalba a tabarma.

Mahaifinsu direba ne, yana bin hanyoyin da ba na son jin sunansu a rediyo. Jiya an kira magariba bai shigo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Ban san na tashi ba, sai na tsinci kaina a bakin ƙofa ina kallon ƙasa. Ƙaramar ta biyo ni ta riƙe zanina.

"Mama, me kike nema?"

Na ce ta tsuguna ta ƙirga mini. Ta ƙirga nata, da na yayarta, da nawa, ta ɗago ta dube ni.

"Saura ɗaya."

Na ce, "Faɗi da ƙarfi."