Sai Baki Ya Zo Ɗaya

An roƙe ni in rubuta wani abu game da tsohon Shugaban kwalejinmu, wanda ya rasu a bana, saboda ni ne magatakardan ofishinsa tun daga zuwansa har ya ajiye aiki. Teburina yana bakin ƙofarsa, ƙofar kuma katakonta ba kauri. Abin da na gani ko na ji da kunnena zan faɗe shi yadda yake. Labarin ƙuruciyarsa kuwa daga bakinsa na samo shi, ko daga bakin abokinsa.

Ɗan kafinta ne, kuma ya iya aikin. Har ya tsufa ba ya zama a kujera sai ya girgiza ta ya ji ko wata ƙafa ta saki. Yana saurayi ya ajiye zarto, ya ce an kira shi aikin bishara. Mahaifinsa bai hana shi ba, ya dai ce ya fara ƙarasa ƙofofin da ya karɓo tukuna. Ikilisiya ta tura shi ƙauyukan da mota ba ta kaiwa, kuma a wancan zamanin ba a tura mai bishara shi kaɗai. Aka haɗa shi da wani saurayi gajere mai nauyin jiki da yawan barkwanci. Shi dogo ne mai saurin tafiya, kullum yana gaba, abokin na biye da jakar littattafai yana mita. Mutanen ƙauye suka sa musu Na-Gaba da Na-Baya, su ma suka karɓa, da haka suke kiran juna.

A shekararsu ta farko suka yi gardama a wata mararraba kan garin da za su fara shiga. Kowa ya kama hanyarsa cikin fushi. Zazzaɓi ya kada Na-Gaba a garin da ba wanda ya san shi, yana kwance a rumfar kasuwa har abokin ya biyo sawu ya same shi. Daga nan suka kafa wa kansu doka: ba tashi, ba zama, ba aure, ko da sayen keke ne, sai sun durƙusa tare sun yi addu'a kuma baki ya zo ɗaya. In ɗaya bai yarda ba, a jira. Sun taɓa cinye damina guda a wani gari da ba a son su, don Na-Baya ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da tashi ba. Shugaba ya sha faɗa mini cewa ba zuciyar ba ce ta ƙi, ƙafar ce.

Bayan shekaru, dattawan ikilisiya suka zaɓi Na-Gaba ya tafi ƙarin karatu. Wannan ma sai da suka durƙusa a kansa, kuma Na-Baya ne ya matsa masa ya tafi. Ya dawo da digiri biyu, ya koyar na wani lokaci, sannan aka naɗa shi shugaban wannan kwaleji ta horar da fastoci da masu bishara. Bai daɗe da kama aiki ba matarsa ta rasu. Ɗansu guda ne, yana aiki a wata ƙasa, sai jefi-jefi ake jin muryarsa a waya.

Gidan shugaba babba ne. Ya lulluɓe kujerun falon da zannuwa, ya koma zama a ɗaki ɗaya da gado da tebur. In ya shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu, kowa ya miƙe. Ya gwada cin abinci tare da ɗalibai, sai ya ga yaran sun kasa haɗiya, ya daina. Kowa “Shugaba” yake ce masa, tsofaffin mata kuma “Baba Shugaba”, ko da sun girme shi.

Abu na farko da ya nema wa kansa shi ne a ɗauki Na-Baya ya koyar da aikin bishara a aikace: yadda ake sallama a gidan da ba a gayyace ka ba, yadda ake zama da majinyaci, lokacin da ya kamata mai wa'azi ya yi shiru. Na-Baya bai yi karatu mai zurfi ba. Wasu ɗalibai suna son ajinsa, wasu suna cewa tatsuniya ce kawai, kuma gaskiya yakan manta ya ba da jarrabawa sai na bi shi. Amma kullum da yamma yakan wuce ta gabana, ya tura ƙofar ofis ba ƙwanƙwasawa, ya ce, “Na-Gaba, har yanzu kana da rai a cikin takardun nan?” Ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafa, a kawo shayi. A duk yini, lokacin nan ne kaɗai nake jin dariya ta cikin ƙofar.

Sai hukumar tantance makarantu ta zo. Sharaɗinsu a fili yake: duk mai koyarwa sai da digiri, in ba haka ba takardar shaidar ɗalibanmu ba za ta yi aiki ko'ina ba. Na duba fayil ɗin malamai ɗaya bayan ɗaya, mutum guda ne ba shi da digirin, Na-Baya. Shugaba ya rubuta roƙo, ya bi da ƙafa, aka ce masa doka ba ta san tsohon mai bishara ba. Majalisar kwaleji ta umarce shi ya sallami mutumin kafin sabon zango.

Na buga takardar sallama na ajiye masa. Mataimakinsa ya ce ya bar masa, shi zai miƙa ta. Ni ma da ya tambaye ni na ce ya sa hannu, ya kira abokinsa ya gaya masa an fi ƙarfinsa. Shugaba ya tura takardar gefe. Ya ce tun suna samari bai taɓa yanke wa mutumin nan komai shi kaɗai ba, ba zai fara da furfura ba.

Da Na-Baya ya shigo da yamma, sai Shugaba ya shimfiɗa masa maganar gaba ɗaya, da ɗalibai da makomarsu, da abin da majalisa ta ce. Sannan ya ce su durƙusa su nemi nufin Ubangiji kamar yadda suka saba.

Sai na ji muryar Na-Baya. “Wannan fa ba mararraba ba ce, Na-Gaba. Hanya ɗaya ce, kai ma ka sani.”

“In ba ka yarda ba, sai mu jira.”

“Mu jira me? Yaran su tsufa?”

Duk da haka na ji an ja kujeru, na ji gwiwoyi sun sauka a siminti. Haka suka yi ta yi kusan mako guda. Shayi yana hucewa ba a taɓa shi ba. Na tabbata Shugaba da zuciya ɗaya yake yi, ya ɗauka girmama abokinsa yake. Ranar ƙarshe Na-Baya ya yi addu'a gajeruwa, ya ce amin, sannan ya ce baki ya zo ɗaya, zai tafi. Shugaba ya yi masa tayin aikin kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, wanda ba ya buƙatar digiri. Ya ce a'a, ba a kan wannan suka yi addu'a ba.

Ni na taya shi kwashe kayan teburinsa. Ba su da yawa: tsofaffin littattafai, alli, kofi mai tsagaggen baki. Yana ɗaure su ya ce mini, “Malam magatakarda, da korata ya yi, da na yi fushi, in ƙi gaishe shi wata biyu, ya zo ya ba ni haƙuri mu shirya. To yanzu da wa zan yi fushin? Ni na kori kaina, har da amin.” Ya yi dariya, amma ba irin wadda na saba ji ta cikin ƙofa ba.

Ya koma wurin 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai ɗan nisa. Kwaleji ta samu amincewar hukuma. Aka yi sujadar godiya, Shugaba ya yi wa'azi mai kyau, bayan an tashi ya koma ofis ya rufe ƙofa.

Da aka yi hutu ya ce in raka shi gaisuwa. Muka tarar da Na-Baya a tsakar gida yana gyara wa jikansa takalmi. Yana ganinmu ya miƙe tsaye, ya karkaɗe riga, ya ce, “Sannu da zuwa, Shugaba.” Ya sa aka fito da kujera mafi kyau, shi ya zauna a benci. Ya tambayi lafiyar malamai, ya tambayi ginin ɗakin karatu, ya gode da ziyara. Shugaba ya jawo labarin daminar nan da suka cinye, don ya tsokane shi. Na-Baya ya yi murmushi ya ce Shugaba bai manta komai ba. Ba gaba, ba baƙar magana, har bakin mota ya raka mu. A hanyar dawowa, da muka shigo gari, Shugaba ya tambaye ni ko an gyara famfon ɗakin ɗalibai mata.

Ya ƙara shekaru masu yawa a kan kujerar, kuma ya yi aiki. A zamaninsa aka gina ɗakin karatu, aka fara ɗaukar ɗalibai mata a ajin fastoci, yawan malamai ya ninka. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga wa wani murya ba. Yakan koma gaisuwar nan duk hutu, kuma kullum tarbar ɗaya ce. Da yamma ana kai masa shayi, ya sha a tsaye a bakin taga yana kallon ɗalibai suna wucewa bibiyu da uku-uku.

Da ya ajiye aiki ɗansa ya so ya ɗauke shi, ikilisiya ma ta yi masa tayin gida. Ya ƙi duka. Ya kama haya, ɗaki da falo, a garin da Na-Baya yake, layi biyu tsakaninsu. Coci ɗaya suke zuwa. Suna gaisawa a bakin ƙofa bayan sujada, 'yar takan aiko masa da abinci ranar Lahadi, iyakar abin ke nan.

Na ziyarce shi a can kafin ciwonsa na ƙarshe. Na kai masa takardun fanshonsa ya sa hannu, muka yi hirar kwaleji. Ya ce mini ya ga abokinsa jiya daga nesa, ƙafar ta ƙara nauyi, yanzu da sanda yake tafiya. Sai ya tambaye ni, a ganina, ko da sa hannu ya yi a takardar sallamar nan tun farko da ya fi.

Na ce masa ina ganin da ya fi.

Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ya daɗe da ganin haka. Na fara tattara takarduna don kada mota ta wuce ni. Ya ce in ba sauri nake ba in ɗan ƙara zama, akwai wata motar daga baya. Na mayar da jaka ƙasa na zauna.