Akwatin da Aka Ƙwace a Hanyar Kebbe

Ina aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a Tambuwal lokacin da wani kamfani ya samu kwangilar gyaran hanyar burji da ta ratsa ƙauyukan da ke tsakaninmu da Kebbe. Kamfanin ya nemi aron mutum ɗaya da ya san gwajin ƙasa, aka tura ni. Aikina shi ne in bi bayan rola, duk inda ta gama danne jan ƙasa in gwada in ga ko ta danƙaru yadda ake so.

Abin gwajin wata na'ura ce mai nauyi kamar jarka cike da ruwa, tana kwana a cikin akwati mai ruwan ɗorawa da kwaɗo a jikinsa. A cikinta akwai 'yar ƙwayar sinadarin nukiliya da ba ta kai ƙwayar wake ba, an lulluɓe ta da ƙarfe mai kauri. Idan aka soka sandar na'urar a ƙasa, ƙwayar tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ke nuna taurin ƙasar. Muddin tana rufe, ba ruwanta da kowa. Idan aka fasa aka taɓa ƙwayar, tana ƙona nama, ta kuma bar ciwon da sai daga baya yake fitowa.

Kafin a bar ni in taɓa ta sai da aka tura ni kwas Abuja, a hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan kaya. Cikin malamanmu akwai waɗanda hukumar nukiliya ta duniya ta turo. Wata dattijuwa daga cikinsu ta yi ta nanata mana cewa an san da zaman kowace na'ura irin wannan a ƙasar nan, kuma idan ɗaya ta ɓata ba a ɓoyewa: a gaya wa Abuja, Abuja ta gaya wa hukumar ta duniya, a sanar da masu tsaron iyakoki. Da na dawo na ba matata labari, sai ta hana ni shiga ɗaki da takalmin aiki.

Ƙarshen damina ne abin ya faru, dawa ta fi mutum tsawo. Mun tashi aiki bayan azahar, mu uku a cikin a-kori-kura. Direbanmu dattijo ne ɗan Dogon Daji, mai yawan barkwanci, ga kuma injiniyan kamfanin, wani Bayarabe da ya iya Hausa. Akwatin yana baya, ɗaure da sarƙa. Mun rage gudu za mu hau wani kwalbati sai na ji kamar an watsa tsakuwa a gilashi. Direba ya ce, "Innalillahi," kansa ya faɗo kan kafaɗata. Jininsa mai zafi ya bi wuyan rigata. Motar ta gangara ta daki bakin kwalbatin ta tsaya.

Sai wasu mahara suka fito daga cikin dawa ta ɓangarori biyu, da rawuna da bindigogi. Wani ya fizge ƙofa ya jawo ni da ƙafa, bayana ya bugi ƙasa. Injiniya ya buɗe nasa gefen ya yi ƙoƙarin gudu, suka harbe shi a cinya, ya kife yana ihu. Babbansu, wani siriri mai jan rawani, ya hau bayan motar ya taka akwatin.

"Mi na ciki nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan gwajin ƙasa na. Don Allah kada ku buɗe, akwai guba ciki."

"Ƙarya kaka yi. An gaya muna kuna da ƙarfen da ka gano zinari. Mun gan ku kuna soka shi ƙasa."

Na rantse ba zinari yake nema ba. Wani ya juya bindiga ya buga mini gindinta a kunne. Duniya ta yi shiru ta wannan gefe, bakina ya cika da jini. Na ɗaga hannu in kare na biyu, ya sauka a damtsena, na ji ƙashin ya ce ƙaras. Suka laluba aljihuna suka ciro makulli, suka buɗe akwatin. Babban ya ciccibo na'urar yana jujjuya ta, ya ɗora mini bakin bindiga a goshi ya ce in kunna. Na danna da hannun hagu, lambobi suka fito. Ya dube su, ya dube ni, ya shure ni a haƙarƙari. Ban san abin da ya hana su tafiya da mu ba. Wataƙila sun ga ba mu iya zama a kan babur. Suka mayar da na'urar cikin akwatin, suka ɗaure a bayan babur, dawa ta haɗiye su.

Na ja jiki zuwa wurin injiniya, na ɗaure masa cinya da ɗan tawul ɗin da yake share zufa da shi, da hannu ɗaya da haƙori. Wasu manoma ne suka same mu suka ɗora mu a amalanken shanu zuwa inda mota ke iya zuwa. An yi jana'izar direba a garinsu ina kwance a asibiti.

Daga kan gadon asibiti na sa aka kira mini Abuja. Ba a daɗe ba tawagar hukumar ta iso, wata jami'a ce shugabarsu, gajeruwar mace 'yar Zariya mai magana a hankali. Sun zo da wasu ƙananan na'urori masu kama da rediyo, waɗanda ke kuka idan sun kusanci sinadarin. Ta ce hukumar ta duniya ce ta ba su, kuma an riga an sanar da iyakokin da ke kusa da mu. Aka sa sanarwa a rediyo, aka faɗa a masallatan Juma'a: duk wanda ya ga akwati mai ruwan ɗorawa da tambari kamar fanka mai fuka-fukai uku, kada ya taɓa, ya gaya wa hakimi.

Gari ya rikice. Aka ce bam ne. Aka ce an jefa shi a rijiya, wasu unguwanni suka daina ɗiban ruwa. Makonni suka wuce, jami'ar da mutanenta suna bin kasuwanni da wuraren masu sayen tsofaffin ƙarafa. Da aka sallame ni na riƙa binsu da hannu a rataye, tunda ni na san kayan.

Wata ranar kasuwa muna Dogon Daji aka kira waya aka ce 'yan sa-kai sun kama mutumin da ke riƙe da akwatin a wani ƙauye. Da muka isa mun tarar da taro ya cika fili. Mutumin ɗan gwangwan ne, mai sayen ƙarafa, wanda bai wuce sa'ana ba. Sun ɗaure shi a jikin bishiyar bedi, sun tuɓe masa riga. Wani yana zuba masa gora a gwiwa, wani yana dukan bayansa da gefen adda. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, jini na bin kumatunsa.

"Infoma na!" suke ihu. "Shi ka kai musu labari!"

Shi kuma yana cewa, "Wallahi saye na yi! Wani yaz zo da shi bisa mashin, yac ce tsintuwa ta. Ban san shi ba!"

Ga akwatin nan a ƙofar rumfarsa, a buɗe, na'urar tana gefe da guduma kusa da ita. Ya riga ya fasa murfin robar da ke sama.

Jami'ar ta ce, "Bayin Allah, ku dakata." Ba wanda ya saurare ta. Wani matashi ya zo da galan na fetur yana kwance murfi. Wani ɗan sanda da ke tare da mu ya yi harbi sama, taron ya ɗan motsa ya sake matsowa. Sai ta ƙure ƙarar na'urar da ke hannunta, ta ratsa cikinsu ta nufi rumfar. Tana matsawa kukan na ƙaruwa, har ya zama kamar na tsuntsun da aka kama. Ta ɗaga ta sama ta ce da ƙarfi, "Kun ji? Duk mai son lafiyarsa ya ja baya!"

Suka watse da gudu, har da mai fetur, wasu suna tattake wasu. Ni da ɗan sandan muka kwance mutumin, ya zube a kan ƙafafuna.

Jami'ar ta durƙusa ta auna na'urar gwajin ƙasar ta kowane gefe, ta goga auduga a jikinta ta auna audugar. Ta ɗago ta ce mini, "Malam, bai kai ga ƙwayar ba. A rufe take." Ta auna hannuwan mutumin da ƙasar rumfar, ba komai. Aka sa na'urar a akwatinta aka tafi da ita Abuja, aka sanar da hukumar ta duniya cewa an samu.

'Yan sanda sun bincika ba su sami ɗan gwangwan da laifi ba. Na je duba shi a asibiti. Idon ya tafi, ƙafar dama kuma ba ta ƙara miƙewa ba. Ya tambaye ni, "Malam, da na fasa, mi za ya samu ɗiyana? Nan rumfar suka wasa." Na gaya masa gaskiya. Sai ya ce in miƙo masa ruwa. Da ya warke ya kwashe iyalinsa suka bar ƙauyen, na ji an ce Jega suka koma.

Injiniya ya koma garinsu da sanda, yakan kira ni lokacin salla. Kamfanin ya janye motocinsa, aikin ya tsaya. Ni na koma ofis a Tambuwal, hannun ya ɗoru amma kunnen hagu bai dawo ba. Duk watan azumi nakan kai wa iyalin direba gero da sukari. Babbar 'yarsa ta gama makarantar koyon aikin jinya bara, yanzu tana aiki a Kebbe.