Minti Ashirin da Aka Yanke

Fim ɗin ya girme ni. Na dodo ne, marar kala, inda wata halitta mai ruɓaɓɓiyar fuska take fitowa daga rijiya. Iri uku nake da shi a gidana na Tudun Wada, kuma matata ta daɗe tana cewa mai hankali ba ya sayen tsoro har sau uku. Ni kuwa ba tsoron nake bi ba, abin da ake ƙarawa bayan fim ɗin nake bi.

Na farko kaset ne na bidiyo, gadon mahaifina. Idan fim ya ƙare, sunayen 'yan wasa suka gama wucewa, sai a nuno ɗakin kwalliya har tsawon minti ashirin. Ga mutumin da ya fito a dodo zaune a kujera, wata dattijuwa tana manna masa roba a kumatu, shi kuma yana zuƙar shayi da tsinke don kada aikin ya ɓaci. Har dariya yake yi. Ina ɗan shekara tara na saci kallon fim ɗin, na yi mako guda ban kusanci rijiyar gidanmu ba. Baba bai dake ni ba. Zaunar da ni ya yi ya nuna mini waɗannan minti ashirin, shi ke nan na warke.

Na biyu faifai ne da na saya a kasuwa bayan na fara aiki. Kwalinsa baki ne da shi: hira da mai ba da umarni, yadda aka haɗa dodo, hotunan da ba a taɓa gani ba. Ka saka shi, duk ga sunayensu a jere a talabijin. Ka danna kowanne, sai fim ya koma farko. Wanda ya kwafa ya ɗauki alkawarin ya bar cikawar, kuma har yau idan na ga kwalin nan raina sai ya sosu.

Na uku shi ne fassarar Hausa da ake turawa a waya. Shi ma da nasa ƙarin. Kafin a fara, mai fassarar yana kumbura murya ya ce wannan labari da gaske ya faru, kuma har yanzu ba a kama halittar ba. Ƙarya tsagwaronta, don kawai a ji daɗin saye.

Wannan ɗin 'yata ta gani a wayar uwarta, tana shekara takwas. Banɗakinmu sai an wuce rijiya, don haka ta daina zuwa ko da rana tsaka sai an raka ta. Ta rage shan ruwa don kada fitsari ya kama ta. Na faɗa mata mutum ne aka yi wa kwalliya, ta ce, “Baba, ai mai fassarar ya ce gaskiya ne.” Wato maganar wani da bai san ta ba ta fi tawa.

Na ɗauko kaset ɗin don in nuna mata ƙarshensa. Na'urar kallonsa ta daɗe da mutuwa, sai na kai wa wani mai tura finafinai a bakin titi, wanda ke da tsohuwar na'ura yana juye kaset zuwa waya. Na ce ya juye mini duka. Sau biyu na faɗa.

Bayan kwana biyu na koma. Ya miƙo mini waya yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

“Malam, fim ɗinka ya fito tas. Ƙarshen zaren ne ya yi fumfuna, zai ɓata mini na'ura, sai na sa reza na cire shi.”

“Ka cire me?”

“Ai fim ya riga ya ƙare. Na leƙa, wani ne kawai zaune yana shan shayi.”

Na tambaye shi inda zaren yake, ya nuna mini kwata da haɓa. Shi a sana'arsu haka ake yi: duk abin da ya biyo bayan sunaye shara ne, cin wuri yake yi a waya. Ya adana mini dodon lafiya lau, ya zubar da mutumin. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba, shi kuma yana ta kallona, don har ga Allah bai ga laifinsa ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ranar Asabar da hantsi na ajiye kujera a gindin rijiya. Na kwaɓa fulawa, na samo auduga da garin gawayi, na sa aka dafa mini shayi aka saka tsinke. Na kira 'yata. Ta tsaya daga bakin ƙofa, na fara manna wa kaina kwaɓin a kumatu, yana zamewa yana faɗowa a cinyata.

“Ba haka fuskarsa take ba,” in ji ta. “Ta nan gefen ta fi kumbura.”

Na ce to ta zo ta gyara. Ta daɗe kafin ta tako. Da hannunta ta yi mini ruɓaɓɓen kunci, ta zizara gawayi a ƙarƙashin idona, tana yi mini faɗa in daina dariya kada ya ɓare. Uwarta ta fito ta ganmu, ta yi salati ta koma ɗaki.

Ban yafe wa mai rezar nan ba, kuma ba na bi ta gaban shagonsa. Mutumin nan mai shan shayi, wanda na kalla kafaɗata na jingine da ta Baba, ba zan sake ganinsa ba. Amma da fulawar ta bushe ta fara ja mini fata, 'yata ce ta ɗauki buta ta je bakin rijiya ita kaɗai, ta cika ta daga bokiti ta kawo mini in wanke fuska.